Ɗakin gilashi ko sabon gini: amsa ga mai neman wa surukarta masauki a Landan

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a arewacin Landan. Shekara huɗu ke nan da muka sayi gidanmu, irin tsofaffin gidajen nan na shekarun 1930 da ke manne da na maƙwabci ta gefe guda. A ƙasa akwai falo biyu da kicin, ɗakunan kwana uku da banɗaki kuma duk suna sama. Mun tarar da wani ɗakin gilashi a jikin bangon baya, wanda ake kira konsabatori. Tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 4, rufinsa na roba ne, yana fuskantar kudu, kuma an ce mana ya kai shekara 25. Lokacin zafi kamar tanda yake, lokacin sanyi kamar firji, in ana ruwa kuwa ba ka jin maganar na kusa da kai. Yanzu ya zama ma'ajiyar kekunan yara da wurin shanya. Hajiya, mahaifiyar maigidana, za ta riƙa zuwa daga Katsina tana yin watanni a wurinmu, ga ta da ciwon gwiwa, ba ta iya hawa bene. Maigida yana so a sauya rufin ɗakin a kan fam 13,000 a sa mata gado a ciki. Ni kuma ina so a rushe shi a gina cikakken ɗaki da banɗaki, wanda wani magini ya ce zai ci fam 65,000. Abin da muka tara fam 28,000 ne, shi kuma ya ce ba zai ci bashi mai ruwa ba. Maganar ta fara jawo mana saɓani. Wanne ya fi?

Daga wata 'yar'uwa a Landan

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa da kike yi wa surukarki, ya kuma ba Hajiya lafiya. Zan fara da hukuncin da na yanke bayan na karanta wasiƙarki, sannan in kawo dalilaina: kada a kwantar da Hajiya a ɗakin gilashin nan ko da an sauya masa rufi, kada kuma ku jefa kanku cikin bashi domin ginin fam 65,000 a bana. Gidanku yana da ɗakin da ya dace da ita tun asali, kuma kuɗin da ke hannunku za su iya wadatar da aikin, muddin aka bincika abu guda a ƙarƙashin ƙasa kafin a biya kowa ko sisi.

Ya kamata ki san abin da ya sa ɗakin yake yi muku wannan hali, domin sanin haka shi zai nuna miki iyakar abin da gyara zai iya yi. Hasken rana yana ratsa rufin roba da tagogin gilashi ya sauka a kan daɓe da kujeru, su kuma su ɗauki zafi su riƙa fitar da shi, zafin ya taru a sama ya rasa mafita. Ɗakin da ke fuskantar kudu a Ingila yana shan rana kusan wuni guda, kuma a watan Yuni hasken rana a Landan yana haura awa 16. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu a Katsina ya san irin wannan azaba, sai dai a na gilashi rana tana shiga har ciki. A ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke gabashin Ingila, wanda ba a taɓa auna irinsa a Birtaniya ba, kuma a rana irin wannan zaman tsohuwa a ɗakin gilashi hatsari ne ga lafiyarta. Da hunturu kuma al'amarin yana juyawa, ɗumin ɗakin ya riƙa tsiyayewa ta rufi da tagogi da ƙasa. Masu gini a ƙasar suna da ma'aunin yadda ɗumi ke fita ta jikin abu, wanda ƙanƙantar lambarsa ita ce kyawunsa. Dokar gini da ta fara aiki a watan Yunin 2022 ta ce rufin sabon ƙarin gini kada ya wuce 0.15, bango da daɓe 0.18, tagogi 1.4. Tsohon rufin roba irin naku yana zubar da ɗumi fiye da ninki goma na wancan rufi, tsofaffin tagogi masu gilashi biyu kuma kusan ninki biyu na sababbi.

Ba wai maginin farko ya cuci masu gidan ba ne. Dokar Ingila ce ta yafe wa irin waɗannan ɗakuna yawancin ƙa'idojin gini, bisa sharaɗin cewa ɗakin yana ƙasa, faɗinsa bai kai murabba'in mita 30 ba, akwai ƙofa irin ta waje da ta raba shi da ainihin gidan, kuma ɗumama shi ba ya haɗe da na'urar ɗumama gidan. Ma'ana, hukuma tana ɗaukarsa a matsayin rumfa mai gilashi da ake shan iska a cikinta a watannin da yanayi ya yi daɗi. Saboda wannan rangwame ne aka gina dubbansu da araha a shekarun 1980 da 1990, ba tare da wani jami'i ya leƙa ramin fandisho ko ya duba abin da aka shimfiɗa ƙarƙashin daɓe ba. Tun ran gini tun ran zane: abin da aka tsara a matsayin rumfa yana da wuya ya koma ɗakin kwana ta hanyar sauya masa hula kawai.

Duk da haka maigidanki yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ya kamata a ba shi ita. Rufi shi ne babbar kafar da zafi ke shiga kuma ɗumi ke fita, don haka sauya shi da rufi mai kauri, wanda aka cusa wa abin tare zafi da sanyi aka kuma yi masa silin, yana canza ɗakin ƙwarai. Ƙarar ruwan sama za ta ɗauke, tsananin zafin rana zai ragu sosai, kuma za a iya zama a ciki mafi yawan shekara. Aikin ma ba ya cin lokaci, kwanaki ne kawai. Amma bayan an gama, tagogin nan masu shekara 25 suna nan, gajeren bangon da ke ƙarƙashinsu yana nan, daɓen siminti da ke tsotse ɗumin ƙafa shi ma yana nan. Mutum mai ƙarfi a jika zai iya shan shayi a wurin da yamma a watan Janairu in an kunna hita. Dattijuwa mai ciwon gwiwa da za ta tashi kafin asuba ta taka wannan daɓe, ta nemi ruwan alwala, ta tarar banɗaki yana sama, ba a warware mata komai ba. Ga kuma maganar sutura, domin ɗakin da bangonsa uku gilashi ne, tagogin benen maƙwabta suna kallonsa, ba wurin da Hajiya za ta sake ba ne komai kaurin labule. A nan ke ce mai gaskiya.

Abin da na ce a bincika a ƙarƙashin ƙasa shi ne fandisho. Yawancin arewacin Landan yana kan ƙasar yumɓu ne, wadda ke kumbura in ta sha ruwa, ta kuma tsuke in ta bushe, shi ya sa bayan shekarun fari irin 1976 da 2018 da 2022 gidaje da yawa suka tsage. A irin wannan ƙasa jami'an duba gini sukan buƙaci ramin ƙarin gini ya kai kusan mita ɗaya, in kuma akwai manyan itatuwa a kusa yana iya haura mita biyu. Tsofaffin ɗakunan gilashi kuwa akwai waɗanda raminsu ko rabin mita bai kai ba, saboda nauyin roba kawai aka yi musu lissafi. Rufi mai kauri, ko da irin marar nauyin nan ne da kamfanoni ke tallatawa, ya fi roba nauyi nesa ba kusa ba, kuma sai an ƙara masa nauyin ƙanƙara in ta zuba. Wannan nauyi zai sauka ne a kan firam ɗin tagogi, daga nan ya sauka kan fandisho. In firam ɗin ba su da ƙarfe a ciki, ko ramin bai yi zurfi ba, bayan shekara biyu ko uku za ku ga ƙofa ta fara cijewa, tsaga ta bayyana a inda ɗakin ya haɗu da bangon gida, ruwa ya fara bi ta wurin. A lokacin fam 13,000 sun riga sun tafi.

Saboda haka matakin farko shi ne ku ɗauko injiniyan gini mai zaman kansa, wanda ba ya sayar da rufi kuma ba ya neman kwangilar ginin. Zai sa a haƙa ɗan rami a gefen bangon ɗakin domin a ga zurfin fandishon da irin ƙasar da yake kai, ya duba firam ɗin, ya rubuta muku rahoto. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan fam ne, kuma su ne kuɗin da suka fi kowanne amfani a cikin wannan lissafi gaba ɗaya. Kafin ya zo ke ma za ki iya duba wasu alamu da idonki: ko akwai tsaga a mahaɗar ɗakin da gidan wadda ta fi faɗi a sama, ko ƙofofin suna rufuwa ba tare da an danna ba, ko akwai hazo a tsakanin gilashin tagogin, wanda ke nuna sun sha iska sun mutu. Wakilin kamfanin rufi da ya zo da awo da littafin hotuna ya ce muku komai lafiya ba tare da ya haƙa ko'ina ba, tallarsa yake yi.

Akwai wata hanya mai araha da za a iya kawo muku, wato a bar tsohon rufin roba a inda yake, a liƙa masa abin tare zafi daga ciki a rufe da silin. Ina ba ki shawara ki guje ta. Tururin cikin gida yana bi ta kafofi ya shiga tsakanin silin da roba mai sanyi, ya zama ruwa, katakon da aka kafa ya jiƙe, fumfuna ta kama a inda ido ba ya gani, sannan ga ƙarin nauyi a kan sandunan da ba a yi su don haka ba. Sau da yawa gyaran gangar auzinawa ne.

In rahoton injiniya ya yi kyau kuka yanke shawarar sauya rufin, ki sani cewa da zarar an ɗora rufin da haske ba ya ratsawa, yawancin ƙananan hukumomi suna ɗaukar cewa rangwamen nan ya faɗi, dole aikin ya bi ta hannun masu duba gini, su kuma ba da takardar shaidar kammalawa. Ki sa a rubuta a cikin yarjejeniya wane ne zai nemi wannan izini, kuma kada a biya kason ƙarshe sai takardar ta shigo hannunku, domin ranar da za ku sayar da gidan lauyan mai saye zai tambaye ta. Kada kuma a cire ƙofar da ke tsakanin falon baya da ɗakin. Mutane da yawa suna cire ta don wurin ya yi faɗi, sai su tarar sun haɗa gidansu da wurin da ke shanye ɗumi, kuɗin gas ya hau, kuma a idon doka ɗakin ya zama cikakken ƙarin gini da ake buƙatar ya cika ƙa'idojin da ba zai iya cikawa ba.

Wani abin da masu tallar rufi ba su cika faɗa ba shi ne duhu. A irin gidanku falon baya yana samun haskensa ne ta cikin ɗakin gilashin, kuma a tsakiyar watan Disamba hasken rana a Landan ko awa takwas ba ya cikawa. In aka rufe saman, falon zai iya zama wurin da ake kunna fitila da tsakar rana. Kafin ku sa hannu a kan komai, ku sami kwali ko zannuwa masu kauri ku rufe rufin daga ciki na mako guda, ku ga yadda falon zai kasance. In duhun ya yi yawa, ana iya sa tagogin sama guda biyu a cikin sabon rufin, ko kuma a zaɓi rufin gilashi na zamani mai mayar da zafin rana. Shi wannan bai kai rufi mai kauri riƙe ɗumi ba, amma ya fi roba da nisa, yana barin haske, kuma ɗakin yana ci gaba da zama a ƙarƙashin rangwamen doka.

Yanzu ga ginin da kike so. Babu shakka shi ne aikin da ya fi inganci, tunda za a haƙa sabon fandisho, a yi bango mai ruɓi biyu, a shimfiɗa abin tare sanyi ƙarƙashin daɓe, a ja ruwa. Amma fam 65,000 da aka faɗa miki da wuya ya zama ƙarshen lissafi. Tambaya ta farko ita ce ko harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari yana ciki, domin in ba ya ciki kuɗin sun zama fam 78,000 tun ba a ɗaga shebur ba. Sai kuɗin mai zanen gini, da injiniya, da masu duba gini, da rushe tsohon ɗakin da kwashe ɓaraguzansa, da tayil da kayan banɗaki in ba a lissafa su ba. Sai kuma ajiyar ko-ta-kwana ta aƙalla kashi goma cikin ɗari, saboda ba wanda ya san abin da ƙasa ta ɓoye sai an buɗe ta. Kuɗin da kuka tara ba su kai rabin wannan ba, kuma a gini babu abin da ya fi muni kamar aikin da ya tsaya a linta, bayan gidan a buɗe, hunturu ya shigo.

Ta fuskar izini, abin bai kai yadda ake tsoro ba. Gidan da ke manne da wani yana da damar ƙara gini mai hawa ɗaya ta baya har mita 3 daga asalin bangon ba tare da neman cikakken izinin tsara gari ba, muddin tsayinsa bai wuce mita 4 ba, bakin rufinsa bai wuce mita 3 ba in yana cikin mita 2 daga iyaka, kuma gine-ginen da aka ƙara ba su cinye fiye da rabin filin da ke kewaye da asalin gidan ba. Ana iya kaiwa mita 6 in aka sanar da ƙaramar hukuma tun da wuri, ita kuma ta ba maƙwabta kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, ta yanke hukunci cikin kwana 42. Wasu unguwanni an janye musu wannan dama, don haka a tambayi hukumar unguwarku. Abin da ya fi cin lokaci shi ne maƙwabci da magudanar ƙazanta. Dokar bangon tarayya ta 1996 ta wajabta a ba maƙwabci sanarwa a rubuce wata guda kafin a haƙa rami a cikin mita 3 daga gininsa in ramin zai fi fandishonsa zurfi. Yana da kwana 14 ya amsa, in ya ƙi ko ya yi shiru sai an naɗa masani ya tsara yarjejeniya, kuma galibi mai gini ne ke biya. Bututun ƙazanta kuma, a irin gidajen 1930 sau da yawa yana bi ta bayan gidaje ne a jere, kuma tun watan Oktoban 2011 bututun da ya haɗa gida fiye da ɗaya ya koma mallakar kamfanin ruwa, wanda a yankinku shi ne Thames Water. Gini a kansa ko a cikin mita 3 daga gare shi yana buƙatar amincewarsu. Ki ɗaga shimfiɗar ɗakin gilashin ki duba, ba abin mamaki ba ne a tarar da murfin rami a ƙarƙashinta. In kuma da tsarin sayen gida na bankin Musulunci kuka sayi gidan, bankin yana da kaso a cikinsa, sai da yardarsa za a taɓa ginin, haka kamfanin inshora ma dole a sanar da shi.

Akwai kuma lissafin da ban ga kin yi ba. Mai bizar ziyara ba ya wuce wata shida a kowane zuwa, kuma dattawanmu da yawa ba sa cika ko wata ukun kafin su fara maganar gida da jikoki da makarantar Islamiyyarsu. Ɗaukar bashin da zai bi ku shekaru domin ɗakin da za a kwana a ciki 'yan watanni a shekara abu ne da ya kamata a auna sau biyu, ko da bashin ba shi da ruwa. In dalilin ginin shi ne 'ya'yanku suna girma gidan ya yi muku kaɗan, wannan dalili ne mai ƙarfi, amma shi yana iya jiran shekara uku ko huɗu a ci gaba da tara kuɗi.

Ga abin da nake ganin ya fi. Ku ba Hajiya falon gaba. Ɗaki ne na asalin gidan, bangonsa bulo ne, yana da na'urar ɗumama ɗaki, yana da tagarsa da ke buɗewa waje, ƙofarsa kuma tana fita kai tsaye zuwa baranda ta ciki da ƙofar gida, abin da ke da muhimmanci in Allah ya kiyaye gobara ta tashi da dare. Labule mai kauri ya isa ya raba ta da idon masu wucewa. Sannan ku kira mai aikin famfo ya duba ƙarƙashin matakala, inda a irin waɗannan gidaje aka saba fitar da ƙaramin makewayi da wurin wanke hannu. In wurin ya ba da dama, ko aka ɗan ci wani yanki na baranda ko kicin, ana iya yin wurin wanka marar dakali, da ƙarfen dafawa a bango, da kujerar zama, da famfo a ƙasa-ƙasa domin alwala. Wannan aiki shi ma yana bi ta hannun masu duba gini saboda magudana da fankar fitar da tururi, amma kuɗinsa ɗan kaso ne na abin da sabon gini zai ci, kuma amfaninsa ga gidan na kullum ne, ko Hajiya tana nan ko ba ta nan. Shi ya kamata ya fara cin kuɗin da kuka tara.

In an yi haka iyalin sun rasa falo guda, kuma a nan ne shawarar maigida take shigowa a inda ta dace. In injiniya ya ce fandisho da firam za su ɗauka, a sauya rufin, a canza gilasan da suka mutu, a shimfiɗa abin tare sanyi a kan daɓe a ɗora katako ko kafet, a sa hita ta lantarki mai makunninta daban. Ɗakin zai zama wurin zama da cin abinci da karatun yara, wato aikin da zai iya yi da kyau. Ku nemi ƙiyasi a rubuce daga kamfanoni uku, ku je ku ga aikin da suka yi shekara biyu ko uku da suka wuce, ku tambayi masu gidan yadda ya kasance da hunturu, kuma ku biya kashi-kashi gwargwadon yadda aiki ke tafiya.

In kuwa rahoton ya nuna ramin bai da zurfi ko firam ɗin sun gaji, kada ku zuba masa manyan kuɗi, domin duk abin da aka kashe a kansa za a rushe shi ne ranar da kuka tashi yin ginin gaske. Ku lallaɓa shi da ƙananan dabaru. Inuwar da aka yi daga waje, kamar rumfar yadi da ake ja a kan rufin, ta fi labulen ciki tasiri, saboda tana tare rana kafin ta shiga. A riƙa buɗe taga ta sama da ta ƙasa tare domin iska ta zaga, a toshe kafofin ƙofa, a sa darduma mai kauri, da hunturu kuma a rufe ƙofar tsakani a bar shi da sanyinsa. Shanyar da kuke yi a ciki ita ce babbar mai jawo raɓa a jikin gilashi da fumfuna, don haka a sa na'urar tsotse danshi in ba yadda za a yi. Ina kuma roƙonki da babbar murya: kada a shigar da kaskon garwashi ko hita mai tukunyar gas cikin wannan ɗaki ko ɗakin Hajiya a rufe ƙofa. A gida mun saba da jin ɗumin garwashi a ɗakin da iska ke ratsawa, amma gidajen Ingila a toshe suke, kuma iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Ko turaren wuta za a yi, a buɗe taga, kuma a sa na'urar da ke ƙara in wannan iska ta taru.

Game da saɓanin da ke tsakaninku, ina ganin bakinku ya fi kusa da juna fiye da yadda kuke zato. Shi yana tsare gidan daga bashin da addininsa da aljihunsa ba su yarda da shi ba, ke kuma kin hango wahalar da za ta faɗo a kanki, tunda ke ce za ki riƙa kai ruwa da tallafa wa Hajiya a matakala in aka yi kuskure. Kada ki kai masa maganar a matsayin wadda ta yi nasara. Ki nuna masa cewa a wannan tsari ba a ci bashi ba, rufinsa ma yana nan in ƙasa ta yarda, abin da ya canza kawai shi ne ɗakin da gadon zai shiga. Abin da zai iya yi masa nauyi shi ne rabuwa da falon gaba, inda yake karɓar baƙinsa maza ba tare da sun ratsa cikin gida ba, kuma wannan damuwa ce ta gaske da ya kamata ku tattauna. In gidan yana da hanyar gefe zuwa lambu, baƙi za su iya bi ta nan su shiga ɗakin gilashin ta ƙofarsa ta waje. Ya kuma kyautu shi da kansa ya kira Hajiya ya tambaye ta watannin da take so ta riƙa zuwa da tsawon zaman da take ganin za ta iya, domin in zuwanta daga Mayu zuwa Agusta ne, lissafin ɗumama ɗaki ya ragu, na inuwa da iska ya ƙaru.

Ku fara da kiran injiniya da mai aikin famfo a wannan watan, tun kafin a sa ranar tafiyarta, saboda masu aikin hannu na kirki a Landan sukan cika da aiki makonni da yawa gaba. Ranar da injiniyan zai zo, ki tanadar masa takardun da lauyanku ya ba ku lokacin sayen gidan, musamman taswirar magudanar ruwa da duk wata takarda da ta ambaci shekarar da aka gina ɗakin.